Kada Farin Ƙyalle Ya Cinye Fuska

Daga Tambuwal zuwa Kebbe.

Da sunan Allah nika farawa. Zuwa ga ɗiyata Jummai, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kun sauka lafiya, ke da maigidanki Malam Bello. Allah ya sa garin ya karɓe ku, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na bakin mutane, ya sa aikin duba dabbobin da anka tura shi ya zamo alheri gare ku. Innarki na gaishe ki. Ba ta ce in faɗa ba, amma sau biyu tana leƙowa zaure ina fiƙe fensir, kin kuwa san halinta.

Ki yi haƙuri da girman rubutun nan da yadda layuka sunka karkace. Da hannuna na yi shi, da hantsi, a bakin ƙofa, ban ba kowa ya rubuta min ba. Idona ne ke ja da baya. Zan zo kan wannan, amma bari in faɗi roƙona tun yanzu kada takarda ta ƙare ban faɗa ba: ina son hotonki. Guda ɗaya tak, fuskarki ta fito sarai, ya iso hannuna tun ina iya ganinsa. Na san za ki ce, "Haba Baba, ba ka ɗauke ni ranar da munka tashi ba?" Na ɗauka. Ki dai karanta har ƙasa.

Ƙullin da kinka samu takardar nan a ciki, farin ƙyallen ɗakin hotona ne. Na sauke shi, na ba ki. Kin tafi da ƙaramin akwatin hoto, kin ce za ki buɗe ɗaki a cikin gida saboda matan Kebbe masu kulle, waɗanda ba su iya zama gaban namiji, da masu niyyar aikin hajji da ake nema ma hoto mai farin baya. Na yi murna, ko da ban nuna ba. Wankin hoto kin iya, saita gilashin akwati kin fi ni. Abin da ban taɓa zama na koya miki da baki ba shi ne hasken ƙyalle, don kullum ni nika yin shi, ke kuwa kina tsaye. To, ga shi a rubuce, tare da wautar da na yi kafin in gane.

Lokacin da na koyi hoto wurin wani Bayarabe a Sakkwato, a fili muke ɗauka, bayan mutum ƙyalle ne mai zanen bene da furanni. Sai wajen shekarun da anka karɓi mulkin kai, akawuna sunka fara cewa hoton takarda sai mai farin baya. Na ce wannan ai sauƙi ne. Na sayo alawayyo sabo fil, na rataya a ɗakin nan na bayan zaure mai rufin zana, na zaunar da mutum, na ɗauka. Da na wanke hoton, bayan ya fito toka-toka, kamar rigar da ta kwana a murhu. Na ce ƙyallen ne bai da kyau. Na miƙa ma Innarki, ta wanke. Ya fito haka. Na sake miƙa mata, na ƙara da faɗa. Rannan ta dire min shi a gabana tac ce, "Malam, na wanke da sabulu, na wanke da toka, na sa shuni, hannuna ya saɓule. In akwatinka na ganin dauɗa inda babu, to akwatin za a kai rijiya." Na yi fushi, na ƙi cin tuwo, ita kuwa ko a jikinta.

Iska ce ta raba mu. Wata rana da farkon damina ta ɗage zana ɗaya daga rufin, daidai saman ƙyallen, hasken sama ya sauko kansa shi kaɗai. Akwai mai jira, na ɗauke shi haka nan ina ƙunƙuni. Jummai, bayan nan ya fito fari kamar nono a ƙwarya. Ashe hasken da ke shigowa ta ƙofa fuskar mutum kawai shika isa, kafin ya kai bango ya mutu. Ashe ƙyalle na son nasa hasken daban, fuska na son nata daban. Ranar na huda rufin da gangan, na shimfiɗa farin akoko a bakin hudar don rana ta sauko a tace, na ɗaura ma zanar igiyar nan da kinka sani. Innarki ban ba ta haƙuri da baki ba, kifi na sayo mata, har yau tana yi min gorin kifin nan.

Saboda haka ki dubi rufin ɗakin da Malam Bello ya ba ki kafin ki buga ƙusa. In ba ya huduwa, ki rataya ƙyallen inda taga za ta haska shi daga gefe, ki sa a shafe bangon da ke kallon tagar da farar ƙasa don ya mayar da haske ɗaya gefen. In kuma abu ya ɓaci miki, a ɗakin hoto ko a tsakar gida, kada ki fara da wanda ya fi kusa da hannunki. Ni da shi nika farawa, kuma sau da yawa ba shi da laifi.

Wauta ta biyu ta faru da wani dattijon Bafulatani daga rugagen wajen Jabo. Ɗansa ya shiga soja, yana son aika masa hoto. Ya zo ranar kasuwa da malfarsa da sandarsa, ya ƙi cire ko ɗaya. Ɗakin ƙarami ne, na manna masa kujera jikin ƙyalle, ya jingina abinsa. Da hoton ya bushe na miƙa masa. Ya daɗe shina kallo, sa'an nan yac ce, "Mai hoto, wane na wanga a bayana?" Na duba, sai ga inuwarsa baƙa ƙirin tsaye a kafaɗarsa, da tata malfar. Na ce, "Baffa, inuwarka ce." Yac ce, "A'a. Inuwata ƙasa take kwanciya, tun ina yaro ba ta taɓa tashi tsaye ba. In ɗana ya ga wanga, cewa zai yi wani abu na bina, hankalinsa ya tashi, ga bindiga a hannunsa." Ya ajiye min hoton a kan tabarma ya fita. Na so in yi dariya, amma da na sake duba abin ni ma sai na ga abin da ya gani. Kasuwa ta gaba ya dawo da ƙwaryar nono, na janyo kujerar gaba, inuwa ta faɗi ƙasa inda ya ce ta saba.

Ki bar tsawon tabarma guda tsakanin mai zama da ƙyalle. In ɗaki ya matse, gara ki fitar da ƙafafun akwati bakin ƙofa da ki tura mace bango. Kuma ki sani, matan da ba su taɓa ganin akwati ba baya-baya za su riƙa ja, kina juyawa sun kai bango sun lafe. Ki kafa turmi a kife inda ya dace, ki danne gindinsa da ƙasa yadda ba ya janyuwa. Ki yi musu hira, ki tambayi sunan yaransu, kafaɗa za ta sauko da kanta. Ke ma baƙuwa ce yanzu, kuma na san ki da lafewa. Ki fita ki gaida maƙwabta tun kafin su ce matar malamin dabbobi na da girman kai. Ki kai musu gishiri ko daddawa, ko ba yawa.

Ta uku ita ta fi ba ni kunya a sana'a. Da na gane ƙyalle na son haske, sai na zarce. Na ce in kaɗan ya yi kyau, da yawa zai fi. Na ɗauko madubin auren Innarki, na jingine shi a tsakar gida shina cilla rana kai tsaye kan ƙyallen. Sai ga wata tsohuwa daga Sanyinna, Goggo Kulu, ta tara shekaru tana niyyar hajji, ta zo cikin farin mayafi sabo. Na ɗauke ta, na wanke cikin sauri, na naɗe a takarda ban duba da kyau ba, don ƙanenta na jira da jaki. Sunka tafi har Sakkwato. Akawu ya buɗe yac ce bai ga mutum ba. Ƙyallen ya yi haske har ya yi amai, ya dawo ya cinye mayafin, ya cinye kunnuwa da kumatu. Idanu biyu da ƙofofin hanci kawai sunka rage cikin fari.

Ta dawo Tambuwal ƙafafunta a kumbure, ayarinsu kuwa na shirin tashi. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta zauna kan turmi tac ce, "Ɗan nan, ka kai ni lahira tun ban ga Makka ba. To maido ni." Innarki ta fito da baƙin saƙinta ta yafa mata, ta wuce ta ɗauke madubinta ba ta ko kalle ni ba. Na ja zana na rage hudar, na rataya zannuwa masu duhu dama da hagu don su sha hasken da ke dawowa. Fuskar Goggo ta fito har da tsagar kumatunta. Allah ya taimake ni ta riski ayarin, ta dawo da dabino ta aiko min. Da ba ta riske su ba, ban san inda zan sa kaina a garin nan ba.

To ki riƙe wanga da kyau, don shi ne wuyar aikin. Ƙyalle ya ɗara fuska haske kaɗan, kaɗan kawai. Madubi kada ya kalli ƙyalle. In kina son ƙari, ki manna farar takarda a kan faifai ki jingine shi a gefe, haskensa mai laushi ne, ba ya yin tabo a tsakiya ya bar kusurwa fuɗu da duhu. Kafin ki ɗauka, ki je ki zauna inda mai hoto za ta zauna, ki waiga ki kalli ƙyallen. In ya sa kin runtse ido, ya yi yawa. Sa'an nan ki shiga ƙarƙashin baƙin ƙyallen akwati ki dubi bakin kunne a gilashi. In kunne ya fito da iyakarsa, kin samu. Mai farin mayafi kuwa ki lallashe ta ta canza, ki ajiye naki mai duhu saboda aro. Za su yi gardama, don kowa farinta take ganin ya fi kyau. Ki ba su labarin Goggo Kulu.

Ga ƙananan abubuwa da nika tsoron mantawa. Na ɗinka kara a bakin ƙyallen sama da ƙasa, kada ki cire, shi ke miƙe shi. In ya yi tamoji ki yayyafa masa ruwa ki bar shi ya bushe a rataye, don hasken gefe ba ya rufa ma tamoji asiri. Ki nisanta shi da hayaƙin madafa. Hantsi ya fi kowane lokaci, in rana ta take ki rufe akwati ki je ki huta. An ce min Kebbe ta fi mu itatuwa da hadari, to ranar da gari ya lumshe ki buɗe zana duka, ki ƙara jinkiri kafin ki mayar da murfin gilashi. Kin san ma'aunina: in cire murfi, in yi bisimilla cikakkiya a natse, in mayar. Ranar hadari ki yi ta sau biyu, ba ki da asara.

Yanzu na zo inda fensir ke min nauyi.

Kin san ke ce ma'aunin haskena tun kina ƙarama. Kowace safiya kafin masu hoto su zo, nakan ce ma Innarki, "Turo yarinyar nan." Ki zo ki hau turmi gaban farin ƙyalle, ni in shiga ƙarƙashin baƙi, in riƙa cewa a ja igiya, a saki igiya. Kin ɗauka aiki ne. Aikin ne, amma rabi. Ke ce ɗiyata ta fari, kin kuwa san al'adarmu. Ban kira sunanki na yanka, ban ɗauke ki a kafaɗa gaban mutane, in kin shigo zaure in sunkuyar da kai kamar baƙuwa ce ta shigo. Ƙannenki na hawa wuyana, ke kina kallo daga nesa. Haka ubana ya yi ma yayana, haka na tarar, ban kuma ce ba daidai ba ne. Amma ƙarƙashin baƙin ƙyallen nan ba mai ganin idona. Nan nika kallonki son raina. Kin san akwati kai a ƙasa shika nuna mutum. To kai a ƙasa na ga kin yi famfara, kai a ƙasa na ga kitsonki na farko, na ga ranar da kinka fara yafa gyale kina ta gyara shi. Sau da yawa haske ya daidaita tuni, in ce, "Tsaya, bai yi ba tukuna." Ki yi ta tsayuwa kina sosa ƙafa da ƙafa.

Na ɗauki rabin garin nan, har da jakin wani, amma ban taɓa sa takarda a akwati kina gabansa ba. Mi za a ce? Mutum ya ɗauki hoton ɗiyarsa ta fari ya ajiye shina kallo? Kuma ina ganin ai kina nan. Ko da kinka yi aure unguwa ɗaya ce, kullum kina zuwa ɗaukar mata. Ban taɓa kawo ma raina cewa takarda za ta zo daga Sakkwato ta ɗauke ku ba.

Tun bara ɗakin ya fara yi min duhu. Ban ce idona ba ne, na ce zana ce ta tsufa, ta yi nauyi. Na riƙa buɗe hudar ina ƙarawa. In na juya sai in tarar an rage ta. In ce, "Wa ya taɓa min igiya?" Ki ce, "Iska ce, Baba." Na yi miki tsawa ba sau ɗaya ba. Yanzu na gane hotunan da sunka fita lafiya daga ɗakin nan shekara guda, hannunki ne a kan igiya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu rufa miki asiri yadda kinka rufa min.

Ranar tafiyarku, kaya na kan mota, direba na ta danna ƙaho, zuciyata ta ƙi. Na ce kunya ta yi haƙuri yau. Na ce ki hau turmi. Na shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ban gan ki ba sai dishi-dishi. Na fito na buɗe zana duka. Ban gan ki ba. Na aika anka ɗauko madubin nan da na haramta ma kaina tun zamanin Goggo Kulu. Ke kuwa farin gyalen tafiya ne a kanki. Na ga kin juya wajen igiya, kin juyo wajena, kinka bar ta yadda take, don Malam Bello na tsaye bakin ƙofa, ba ki gyara ma ubanki aiki gaban surukinsa. Na cire murfi, na yi bisimilla, na mayar. Kinka durƙusa kinka yi min sallama, na ce, "To, a sauka lafiya," kamar mai sallamar baƙon kasuwa.

Sai da ƙarar motar ta ɓace na wanke shi. Na fito da shi rana, na kawo kusa, na kai nesa, fari kawai nika gani. Na ce ƙila idona ne. Na shiga cikin gida na miƙa ma Innarki na ce, "Mi kinka gani nan?" Ta karɓa, ta juya shi, ta sake juyawa. Can tac ce, "Malam, ɗan kunne nika gani, guda." Ba ta maido min ba. Na ji ƙarar murfin kwallarta, na san can ta sa shi. Ni kuma na koma ɗakin hoto na zauna kan turminki har azahar. Ba ni ɓoye miki, na yi kuka.

Na je wurin malamin asibiti. Ya ce yanar ido ce ta rufe na hagu, na dama na bin sa. Ya ce akwai babban asibiti inda ake kankarewa, in an yi kaka ƙanenki zai kai ni. Wasu na dawowa da gani, wasu ba su dawowa da shi, Allah ne masani. Ba duhu ke zo min ba kamar yadda na zata, fari ne. Kullum da safe sai in ga ya ƙara cin gefen abubuwa. Jiya na gaida tulu a tsakar gida, na ce masa ina kwana, Innarki ta yi dariya har da tari, daga baya na ji ta shige ɗaki.

Saboda haka ga yadda nika so. Kada ki jira ki gama shirya ɗaki, kada ki jira masu hoto su fara zuwa. Hantsin farko da gari ya yi sarari, ki rataya ƙyallen nan. Ki zaunar da wata maƙwabciya mai tsawonki ki daidaita haske a kanta, da idonki, ba da nawa ba. Ki matso da akwati kusa, fuska ta cika takarda, ba ni bukatar ganin takalmi. Ki yafa gyale mai duhu, ki bar kunne a waje. Sa'an nan ki tashe ta ki zauna, Malam Bello ya cire murfi. Ki gaya masa bisimillar a natse ake yin ta, na ji yadda shika sauri in ya ja salla. Kada ki sunkuyar da kai kamar yadda kinka saba yi a gabana. Ki kalli gilashin sosai, ni ne a ciki. In ya bushe ki ba direban da ya kawo miki wanga ƙulli, ki ce a hannuna zai sa. Na bar ƙusoshin ƙyallen a bango, a ɗaya daga cikinsu zan rataye shi, daidai tsawon idona, wanda zai yi magana ya yi.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki yi haƙuri da mijinki, mutumin kirki ne, ko da shina warin maganin shanu. Abin da kinka gani na matan mutane a ɗakinki ya tsaya a ɗakin. Ki riƙa tace ruwan sha, kada ki fita ba takalmi da damina, an ce ƙasar akwai macizai. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya kare ku daga zazzaɓi da gobara, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa in ji muryarki a zauren nan ko da ban gan ki ba.

Na leƙa, ba kowa a zaure, Innarki na can wajen daka. Bari in rubuta abin da bakina bai furta ba tun ranar da liman ya raɗa miki shi.

Allah ya tsare min ke, Hafsatu.

Wassalam. Ni ne ubanki.